Kujerun Aro a Ɗakin Direba

"To a ƙasa kike so in zaunar da su? A kan wannan yagaggiyar ledar?"

"Eh, a ƙasa! Ai ƙasan suka zo gani, Mama!"

"Ki rage murya, so kike duk gidan nan ya ji?"

"Wa ya rage bai ji ba? Akwai ɗakin da ba ki shiga aro ba a gidan nan?"

Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, wai na zo neman ɗan sukari. Sukari kam akwai shi a ɗakina. Bangon da ke tsakanina da su ne yake cinye rabin maganar, kunnena na hagu kuma ya yi ritaya tun bara, sai na ga gara in zo da kaina in ji da kyau. Ba wanda ya ce in shigo, ba wanda ya ce in koma, don haka na samu bokiti na kifa na zauna.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ba abin da ke ɓoyuwa. Ɗakin da ke jikin nawa na Direba ne. Da can motar ma'aikata yake ja a wani kamfanin sabulu, kamfanin ya rufe, amma sunan bai bar shi ba. Har yau da sassafe zai goge takalmi, ya sa riga mai guga, ya fita kamar mai zuwa ofis. Tashar mota yake zuwa ya zauna, ko wani direban zai kwanta ciwo a ba shi mota ta yini ɗaya. Kowa ya sani, kowa kuma yana ce masa a dawo lafiya. Matarsa kitso take yi, da shi ake cin abinci. Wadda take wa uwarta tsawa kuwa ita ce babbar 'yarsu, muna ce mata Tabarau, don tun tana ƙarama karatu ya cinye mata ido.

Yarinyar nan ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Jami'a ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna, aka ce in wata ya ƙare ba ta biya kuɗin rajista ba, za a ba wani. Tun daga ranar da sunanta ya fito take yawon neman tallafin karatu, takalminta har ya buɗe baki. Na gwamnati a intanet ake cikewa. Kullum ta je shagon kwamfuta sai a ce shafin ya ƙi buɗewa, ranar da ya buɗe kuma aka ce ai an rufe tun jiya. Wani kamfanin waya yana bayarwa, ta je, aka ce na waɗanda suka riga suka shekara a jami'a ne. Ta ce to ta yaya zan shekara ban shiga ba? Maigadi ya ce shi ma bai sani ba. Banki yana ba da bashin karatu, amma sai da mai tsaya maka, mai albashi. Kawunta ɗaya ne mai albashi a danginsu kaf, shi kuma tun da ya ji maganar wayarsa ta kamu da ciwon rashin shiga.

Sai wata gidauniya ta rage, ta 'ya'yan wata attajira da ta rasu. Su sharaɗinsu biyu ne: yaro ya zama mai ƙoƙari, gidansu kuma ya zama ba shi da hali. Tabarau ta zauna jarrabawarsu ta cinye. Saura abu ɗaya, za su turo mutane su ga gidan da idonsu. Da na ji haka na ce shi ke nan, yarinya ta samu. In dai rashi ake nema, ɗakin Direba ba sai an yi masa kwalliya ba. Katifa ɗaya, ledar ƙasa da ta yage, labulen da aka yi da tsohon zanen gado, sai ƙusa a bango inda agogo yake kafin a sayar da shi.

Gidan namu ba shi da lamba, layin kuma ba shi da suna, don haka aka ce Tabarau ta je ofishinsu da safe ta taho da su. Tana fita uwarta ta ɗaura ɗankwali ta fara bin ɗakuna.

"Manyan baƙi za mu yi, ku rufa mana asiri."

Wa zai ƙi? Nas, makwabciyarmu mai aikin asibiti, ta ba da kujerunta na kushin, maza suka ɗauko suna nishi. Matar Tela ta naɗo kafet ɗinta, sabo fil, ko ledarsa ba ta gama cirewa ba. Mai Shago ya ba da talabijin da fanka. Ni na ba da farantaina na tangaran da ban taɓa cin abinci a cikinsu ba, da agogon bango, aka rataye shi a kan ƙusar nan ya zauna ɗas kamar don ita aka yi shi. Matar Direba ta sayar da zanenta ɗaya ta sayo kaza da lemon kwalba. Ƙannen Tabarau, da yake rigunansu duk faci ne, aka kora su gidan wata ƙawarta a bayan layi, aka ce kada wanda ya dawo sai an aika. Ana cikin haka wani abokin Direba ya biyo da motar maigidansa zai kai wanki, Direba ya ce ya ɗan ajiye ta a ƙofar gida ya shigo ya sha ruwa. Ya kuma karɓi makullin, wai zai gwada nauyinsa.

Wallahi ɗakin ya yi kyau. Mu duka muka tsaya muna kallo muna jin daɗi, har matar Tela ta fesa turarenta. Ba wanda ya yi tunanin komai a cikinmu, sai murnar ba za a raina makwabcinmu ba.

Da Tabarau ta ɗaga sabon labule ta shigo da baƙin, sai ta ja da baya ta dubi ƙofar, ta zaci ɗakin wani ta shiga. Na ga ta cire tabaran ta goge ta mayar. Baƙin su biyu ne, wata malama mai jaka da wani saurayi mai ɗaukar hoto da waya. Saurayin ya ɗauki kujeru, ya ɗauki talabijin, ya ɗauki agogona. Matar Direba har gyara masa labule take yi don hoton ya fito.

Malamar ta ce, "Yara nawa ne a gidan?"

"Ai ba su da yawa, sun ɗan fita."

"Motar da ke waje fa?"

Direba ya kaɗa makullin a yatsa ya yi murmushi. "Muna dai lallaɓawa."

Ku duba fa, bai ce tasa ba ce. Bai kuma ce ba tasa ba ce. Tabarau ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta miƙa mata faranti ta ce ta zuba wa baƙi kaza. Yarinya ta zuba, har miya ta ɗiga a kafet ɗin mutane.

Saƙon ya shigo wayarta bayan 'yan kwanaki. Sun gode, sun yaba da ƙoƙarinta, amma tallafin na waɗanda suka fi ta buƙata ne. Wannan saƙon ne ya kawo rigimar da na tarar, ina zaune a kan bokiti.

Uwar ta ce, "Ni don ke na yi. In sun ga mu a haka, ai cewa za su yi 'yar matsiyata ce, ba za ta iya zama cikin 'ya'yan mutane ba."

"Mama, 'ya'yan matsiyatan suke nema! A jikin takardar aka rubuta, na karanta miki!"

"Kin karanta da turanci."

"Na fassara miki!"

"To ni na zaci irin maganar nan ce da ake yi don kunya."

Na ce, "Ke ma dai, Tabarau, ki yi wa uwarki a hankali. Da wuya a yi baƙo a ba shi bokiti ya zauna."

Ta juyo ta dube ni. "Ke a kan me kike zaune, Kaka?"

Na gyara zama a kan bokitin, don yarinyar ta fi ni gaskiya.

A nan Direba ya shigo, takalminsa ya yi ƙura, ya tsaya yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Tabarau ta sassauta murya ta durƙusa. Ta ce daga ofishin gidauniyar take, ta sami malamar nan mai jaka ta gaya mata komai, har da na mota. Malamar ta yi dariya har da hawaye, sannan ta daina dariyar. Ta ce ita ba ta da ikon sauya komai, amma kwamiti zai zauna ranar Alhamis ya saurari masu ƙorafi. In uban ya zo da bakinsa ya ce ba shi da aiki, kayan kuma na aro ne, aka sami makwabci babba ya shaida, to akwai ɗan dama.

Direba ya ce, "In je in tsaya gaban mutane in ce me?"

"Ka ce ba ka da shi, Baba. Shi ke nan."

"In ce ni, da girmana, na kasa?"

"Ba kasawa ba ce. Kamfani ne ya rufe."

"Ki je ke ki faɗa, ai kin iya turanci."

"Na faɗa. Kai suke so su ji."

Ya zauna a bakin katifa ya fara kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Na ce masa ni zan je shaida, ai ba a fi ni sanin cikin ɗakin nan ba, ko tari suka yi ina ji. Ya ce wannan kam ya sani. Matarsa ta fara kuka a hankali, tana cewa ita ta jawo. Can ya ɗago ya dubi 'yarsa ya ce, "Allah ya kai mu Alhamis ɗin." Tabarau ta kama hannunsa da hannu biyu. Ni ma sai da na share ido da bakin mayafi, na tashi na tafi ba tare da sukarin ba.

Ranar Laraba na tare shi a bakin famfo na ce, "Ɗan nan, gobe ka sa tsohuwar rigarka, mai yagaggen wuya. Kada ka goge takalmi. In da hali ma kada ka yi aski."

Ya ce, "To, Kaka."

Da gari ya waye sai ga shi cikin kwat ɗin da kamfani ya ɗinka musu shekarar da aka ba shi lambar yabo, takalmi yana ƙyalli, gemu a gyare. Tabarau ta dube shi ta kau da kai. Na ce, "Ɗaurin aure za mu ne?" Ya ce ba a shiga ofishin mutane kamar mahaukaci.

A barandar ofishin akwai dogon benci cike da iyaye da 'ya'yansu. Wata mata silifas ɗinta da waya aka ɗaure shi. Wani dattijo da sanda, ɗansa yana riƙe da shi. Ni kafin a kira mu na san labarin rabinsu: wannan mijinta ya rasu, wancan gobara ta cinye masa shago, waccan kakarta ce ta raine ta. Direba bai zauna a bencin ba. Ya tsaya can gefe, hannu a baya, yana karanta sanarwar da ke bango kamar wanda ya zo duba aikin ginin. Har wata ta tambaye shi ko shi ne mai kiran suna.

Aka kira mu. Ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, dogon tebur, mutane a zaune, malama mai jaka a ƙarshe. Shugabansu wani mai furfura ne, mai fara'a. Yana ganin Direba ya miƙe tsaye ya ba shi hannu.

"Bismillah, Yallaɓai, ga kujera. A kawo wa Yallaɓai shayi."

Da na ji wannan Yallaɓan na san an samu matsala. Na ga kafaɗun Direba sun miƙe, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Rabon da wani ya miƙe masa tsaye tun kamfani yana aiki.

Mai furfura ya ce, "'Yarka tana da ƙoƙari ƙwarai, ka yi tarbiyya. Ta ce mana kayan da mutanenmu suka gani a ɗakinka na makwabta ne. Haka ne?"

"To, ka san zaman tare. Yau nasu yana wajena, gobe nawa yana wajensu."

"Motar fa?"

"Ta wani na kusa da ni ce. Amma ba ta fi ƙarfin in hau ba."

"Aiki fa, Yallaɓai? Kana yi?"

"Ina ɗan hutawa ne tukuna. Akwai wurare da suke nemana, ban dai yanke shawara ba."

Malama mai jaka ta sunkuyar da kai tana juya biro. Tabarau ta ce, "Baba," a hankali, kamar mai tashin marar lafiya.

Mai furfura ya gyara zama. "Bari in yi maka tambaya ɗaya, ka ba ni amsa ɗaya. In ba mu ɗauki nauyin yarinyar nan ba, kai za ka iya?"

Direba ya dubi kofin shayin, ya dubi mutanen teburin, duk sun zuba masa ido da mutunci. Na ga leɓensa yana motsi. Na rantse muku kalmar ta zo har bakinsa, na gan ta. Sai ya haɗiye ta da shayi.

"Alhamdu lillahi," ya ce, "ban taɓa kasa ɗaukar nauyin iyalina ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe! Agogon nawa ne, farantan nawa ne! Kujeru na Nas, kafet na matar Tela, har yau ba ta huce da miyar da aka zuba mata ba. Mutumin nan tasha yake yini, matarsa ce take ci da su da kitso. Jiya ma da dare ruwan zafi da burodi yaran suka…"

"Kaka!" Direba ya ɗaga mini hannu, yana wa mutanen murmushi. "Ku yi mata haƙuri, makwabciyarmu ce, shekaru sun ja. Wani lokacin sai ta kira ni da sunan mijinta."

Ni! Ni da nake tuna launin rigar da matarsa ta sa ranar da suka tare a gidan nan! Wani a teburin ya rufe baki yana dariya. Na ce a kawo Nas a tambaye ta, a kawo Mai Shago. Mai furfura ya ce in zauna, Mama, sun ji, sun gode.

Ya juya wajen Direba, har yanzu da fara'arsa. "Ka ga mutanen da ke waje. Wasunsu ba uba, wasu uban yana kwance. Abin da ke hannunmu kaɗan ne. Tunda Allah ya rufa maka asiri, kuma kai da bakinka ka ce za ka iya, ina ganin ba za ka so mu hana maraya mu ba ka ba."

Direba ya ce, "Haka ne. Gaskiya ne wannan."

Suka sake yin hannu. Malama mai jaka ta raka mu har ƙofa, ta dafa kafaɗar Tabarau, ta ce ta sake nema baɗi. Tabarau ta ce gurbin ba ya jiran baɗi. Malamar ta ce ta sani.

Ni da ba na iya shiru ko a gidan makoki, ranar a motar dawowa bakina ya mutu.

Muka tarar da matar Direba tana wa wata yarinya kitso a ƙofar ɗaki. Tana ganinmu ta sallami yarinyar da rabin kai, ta biyo mu ciki. Ni ma na bi, don yanzu kam ina da haƙƙi.

"Yaya? Me suka ce?"

Direba yana cire kwat yana kakkaɓewa. "Mutanen kirki ne. Sun karɓe mu hannu biyu, har shayi suka ba ni. Shugaban da kansa ya miƙe."

"To sun ba ta?"

Ya rataye kwat ɗin. Tabarau ce ta amsa. "Baba ya ce musu zai iya."

Uwar ta zauna a ƙasa daɓas, tsinken kitso a hannunta.

Direba ya ce, "Kuma zan iya ɗin. Ai wata bai ƙare ba. Gobe zan je wajen tsohon manajanmu, mutumina ne, na daɗe ina jan shi."

"In ka je me za ka ce masa, Baba?"

"Zan gaishe shi."

"Bayan gaisuwar fa? In ya ce yaya gida, yaya yara, me za ka ce?"

Ya juya yana gyara kwat ɗin da ya rataye.

"Za ka ce lafiya lau. Ya ba ka lemo ka sha, ka dawo ka ce mana mutumin kirki ne." Ba tsawa take yi ba yanzu, da ma tsawar ta yi da ya fi sauƙi. "Kalma ɗaya na roƙe ka. Ban ce ka biya ba, ban taɓa cewa ka biya ba, na san babu. Ni na yi karatun, ni na yi yawon, ni na ci jarrabawar. Kai naka kawai ka ce babu."

"Ke yarinya ce. Ba ki san abin da ake ji ba."

"Na sani mana. A gefenka nake zaune."

Na ce, "Tabarau, ubanki ne fa."

"Na sani, Kaka. Da maraya ce ni ai da yanzu na samu."

Uwar ta ce, "Subhanallahi! Ki tofar da yawun bakinki!" Direba ya tsaya da hannu ɗaya a jikin bango, fuskarsa kamar an watsa masa ruwa. Yarinyar ma na ga maganar ta ba ta tsoro, amma ba ta janye ta ba. Ta tattara takardunta da ke kan katifa, ta tura su ƙarƙashi, ta ɗauki mayafinta.

"Ina za ki?" in ji uwar.

"Wajen Mai Shago. Tun watan jiya yake neman wanda zai tsaya masa a kantar shagonsa. Na ce masa makaranta zan tafi. Bari in je kafin shi ma ya ba wani."

Direba ya juyo da sauri. "Kanta? 'Yata, mai gurbi a jami'a, ta tsaya tana auna wa mutane sukari a bakin layi? Duk wanda ya wuce ya gan ki? Me mutane za su ce?"

Tabarau ta tsaya ta dube shi ta cikin gilashin nan nata, ta daɗe tana dubansa. Sai ta yi wata 'yar dariya da ban so jin ta ba.

"Ka ce musu hutawa nake yi, Baba. Ka ce akwai wurare da suke nemana."

Ta fita, ta ja ƙofar da ƙarfinta duka, garam, har ƙasa ta zubo daga jikin bango.